Gurus Ɗin da Aka Goge

Kalli mai gyaran agogo ya shekara ashirin da 'yan kai a rumfa ɗaya a kasuwar Diffa. Ban da agoguna, yana tara tsofaffin kuɗi a gwangwanin madara: kwabo mai huji, sulallan Ingila, da gurus, wato babbar dalar azurfa mai kan mace da matan Kanuri ke ratayawa a wuya. In aka kawo masa tsaba, sai ya maƙala gilashin aikinsa a ido, ya karkata ta ga rana. Wadda ba a taɓa ba, haskenta zagayawa yake yi in ana juya ta. Wadda aka goge kuwa fari fat take, ga siraran zane duk sun nufi gefe guda, ga baƙin datti ya maƙale a lungun haruffa. Irin wannan ba ya saya.

Da aka kai wa Bosso hari a shekarar 2016, mutane suka kwararo ta babbar hanya da ƙunshi a ka. Yayansa Abbakar, mai sayar da bandar kifi, yana can. Kwana goma sha ɗaya wayarsa ba ta shiga. Kullum da safe Kalli sai ya bi zangon 'yan gudun hijira yana duba fuskoki, ya dawo rumfa ya kasa ɗaura ko allurar agogo.

Ranar Talata, Nasidi mai kayan koli ya ajiye masa gurus a kan tebur.

"Malam Kalli, dubi wannan. Sabuwa ƙal, kamar yau aka buga ta."

Kalli ya sa gilashi. An dirje ta sosai, har kumatun matar sun shafe. Yana juya ta sai ya ga wata 'yar tsaga a baki, kusa da huji. Ta mahaifiyarsu ce. Ita ta faɗa wa Abbakar a rabon gado, kuma Kalli ya sha gargaɗinsa kada ya bari ko tsumma ya taɓa ta. Abbakar ba zai goge ta ba. Ke nan ta bi ta hannun wani.

A lokacin ba a cika tambayar inda kaya suka fito ba, don ba ka san wanda ya kwaso su daga gidajen da aka gudu aka bari ba, ba ka kuma san wa ke saurare ba. Kalli ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Nasidi, don Allah, wa ya kawo maka?"

Nasidi ya ce, "Ni dai ba na son magana da jandarma."

"Ba jandarma. Ta yayana ce."

"Wata dattijuwa ce, a zangon 'yan gudun hijira na Gagamari. Tana ɗingishi."

Kalli ya rufe rumfa ya hau mota, tunda an hana babur. Shinge uku suka wuce, kowanne sai an sauka an nuna katin shaida. Duk hanya tunani ɗaya yake yi: in matar ta tsince ta ne a jikin gawa fa?

A Gagamari ya yi ta bin bukkokin leda har la'asar. A bayan wata bishiyar aduwa ya ga Kaltum, matar Abbakar, tana hura wuta. Ta ɗago, ta saki ludayi, ta taso tana ɗingishi.

"Yana ciki," ta ce. "Ƙafafunsa ne suka kumbura. Wayar ta faɗa ruwa, lambarka kuma a cikinta take."

Abbakar na kwance a tabarma, ya rame. Kalli ya durƙusa ya riƙe hannunsa, ya ce, "Yaya."

Kaltum ce ta yi bayani daga bakin ƙofa. Magani suke nema, ta ga gurus ta yi baƙi, ta ji tsoron ba mai saya, sai ta dirje ta da toka da lemon tsami, ta sayar wa Nasidi, ba da sanin mijinta ba.

Washegari Kalli ya samo mota ya kwashe su zuwa gidansa. Abbakar ya warke, amma saboda tsoro, wata biyu bai yarda ya leƙa ko ƙofar gida ba.