Geron Azumin Alhaji

Alhaji, ƙanen babanmu, bai taɓa kwana da yunwa ba, shi ya sa har yau raina ke ɓaci in na ji ana cewa talauci ne ke sa sata. Shi ne shugaban wani kamfani a Kaduna, irin waɗanda suka cika gari a farkon shekarun casa'in. Ka kai kuɗinka, wai a juya maka a cinikin auduga da taki, a raba riba. Gidansa ne kaɗai bene a layinmu na Limancin Kona.

Da babanmu ya yi ritaya daga koyarwa, kuɗin sallamarsa kaf ya kai masa. Burinsa ɗaya ne, a sauke rufin ƙasar da ya tsage a kan ɗakin innarmu, a sa kwano kafin damina. Ko takarda bai karɓa ba. A gidanmu wa ba ya neman shaida wurin ƙaninsa.

Kafin sanyi ya wuce kamfanin ya rufe. Ashe babu auduga, babu taki. Kuɗin na baya ake biyan na gaba da su, saura su tafi a motoci da kujerun Makka da Alhaji ke rabawa. Hukuma ta riƙe shi ɗan lokaci, ya dawo har da ƙiba.

Duk azumi yakan raba gero a ƙofar gidansa, kuma babanmu, a matsayinsa na babba a gidan, shi ke buɗe rabon da addu'a. Na ɗauka bana kunya za ta hana shi. Sai ga tirela.

Na raka babanmu ya same shi a falo. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce masa ruwa ya kusa, ko kuɗin kwanon kaɗai a ba shi. Alhaji ya gyara zaman hularsa.

"Yaya, ka yi haƙuri. Wancan attajirin na Gyallesu tirela biyu ya sauke. In na rage buhu ɗaya, kafin la'asar an ce na karye a Ƙofar Doka."

Dalilin ke nan, babu wani. Ba ci zai yi ba, ba sha ba. Kada dai a ce wani ya fi shi.

Muka fito, jama'a suka buɗe wa babanmu hanya. Cikinsu har da waɗanda kuɗinsu ya nutse tare da namu, kowa riƙe da buhunsa. Da ya ƙi yin addu'ar, gobe a ce hassada yake wa ƙaninsa. Ya ɗaga hannu, ya roƙi Allah ya ƙara wa mai gida buɗi. Suka amsa da amin. Ni ban shafa ba, na tsani mutumin nan har cikin raina.

Alhaji ya juya ga direbansa yana murmushi.

"A ƙara wa Yaya buhu ɗaya, addu'ar ta yi daɗi."

Ruwan farko ne ya kayar da rufin. Innarmu ta tsira da zanen jikinta. Aka rataya mata labule a zaure, inda kowane baƙo ke wucewa, ta yi daminar nan a gefen buhunan biyu.