Katanga, Daga Mai Riƙe Maka Gorar Ruwa

Ranar Laraba, ashirin da ɗaya ga watan Mayu, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran mai tsaron gidanmu, wanda duk mai kallon ƙwallon hannu ya sani da Katanga. Mu na Allah ne, kuma wurinSa kowa ya nufa. Ya rasu yana da shekara talatin da shida. Ya bar mahaifiya da mata da 'ya'ya biyu, saura wasa biyu a rufe kakar bana ta babbar gasa. Jaridu sun riga sun lissafa ƙwallayen da ya kaɗe da kofunan da ya ɗaga, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni ba ɗan jarida ba ne. Ni ne gola na biyu a ƙungiyar, wanda ya shekara bakwai a benci yana riƙe masa gora da tawul.

Yaya, bari in yi magana da kai kai tsaye, don ban saba yin maganarka a bayan idonka ba.

Wanda bai san wasanmu ba zai ɗauka gola na biyu ɗan kallo ne da aka ba riga. Ba haka ba ne. Idan 'yan wasanmu suka ɗauki ƙwallo suka tafi kai hari, gola yana da 'yan daƙiƙu da ba shi da aiki. Sai ya rugo gefen fili, na biyunsa ya miƙa masa ruwa, ya faɗa masa abin da ya hango daga waje, ya koma raga da gudu. A wasa ɗaya kana zuwa wurina sau ashirin ko fiye, kuma tambayarka ba ta taɓa canzawa ba.

"Me ka gani, Ƙane?"

"Mai lamba tara sama yake kallo, amma ƙasa zai buga."

Sai ka kurɓi ruwa, ka jefo mini tawul a fuska, ka tafi. In ka kaɗe ƙwallon, da yatsa kake nuno ni, duk da cewa kyamara ba ta taɓa juyowa ta ga wanda kake nunawa ba.

Ban manta ranar da aka kawo ni ba. Na shigo ɗakin canza kaya da jaka a kafaɗa, ina ɗaga hanci, don an faɗa mini ka tsufa, shekara ɗaya zan jira. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Kai ne aka kawo ka kore ni? Zo ka ci abinci tukuna, korar mutum sai da ƙarfi." Ka matsa mini a kan benci, ka raba abincinka biyu. A makon ka gane ina rufe ido in ƙwallo ta nufo fuskata, abin da na ɓoye wa masu horarwa uku. Ba ka faɗa wa kowa ba. Kullum bayan atisaye sai ka tsayar da ni a raga, hannuwana a baya, kana jefo mini ƙwallo mai laushi har na daina ƙiftawa. Wata huɗu muka yi a haka. Mutumin da aka kawo ya karɓe maka wuri kake gyarawa, kana yi kana dariya.

Akwai ƙaramin littafinka mai baƙin bango. Duk wanda ke bugun mita bakwai, wato fenaritin wasanmu, a gasar nan yana ciki: hannun da yake amfani da shi, kusurwar da yake so, abin da yake yi in ya gaji, abin da yake yi in an ɓata masa rai. Ba ka yarda kowa ya taɓa shi ba sai ni. Akwai kuma Baba mai goge fili. 'Yan wasa suna shafa danƙo a yatsu don ƙwallo ta kamu, danƙon ya bi ƙasa ya bi turakun raga ya yi baƙi, kuma Baba ne ke kankare shi da guiwoyinsa masu ciwo. Duk safiyar Litinin kana durƙushe kusa da shi da tsumma a hannu, kana zagin maharanmu ɗaya bayan ɗaya da ƙazanta. Baba yana cewa, "Ranka ya daɗe, tashi, za a ce na sa ka aiki." Kai kuma ka ce, "Gidana ne, Baba, wa zai share mini?"

Kakar bana ta zo mana da wuya tun daga farko. Ƙungiya goma sha shida ne a gasar, biyun ƙarshe ke faɗawa ƙaramin rukuni. Manyan masu tsaron bayanmu biyu suka ji rauni a wata ɗaya, muka sha kashi a wasa biyar cikin bakwai na farko, daga nan ba mu sake barin gindin tebur ba. Kowa ya san abin da faɗuwa ke nufi. Zauren da muke wasa zai rasa rabin 'yan kallo, a sallami direba, a sallami Baba, yaran da aka ɗauko daga nesa su watse. Ba ka taɓa yin jawabi a kan wannan ba, amma na ga yadda ka ɗora shi a ka.

Sai Asabar, sha biyu ga Afrilu, a gidan abokan hamayya. Saura minti takwas, suna gabanmu da ci ɗaya. Bahago, maharinsu na gefen dama, ya yi tsalle ya shigo da'ira ya saki ƙwallo da iya ƙarfinsa. Ta same ka a fuska, ƙeyarka ta bugi turken raga. Duk hayaniyar zauren sai da na ji ƙarar. Alƙalin wasa ya yafuto mutum biyu, Likitan ƙungiyarmu ya ruga, na bi shi da gora.

Ka tashi zaune. Likita ya durƙusa gabanka ya ce, "Katanga, dube ni. Yau wace rana ce? Da wa muke wasa?"

Ba shi ka duba ba. Ta saman kafaɗarsa ka dube ni, kuma na ga babu komai a idonka. Ba ka san rana ba, ba ka san inda kake ba. Abu ɗaya ka tuna, cewa in ba ka san abu ba, wurina kake samu. Ni kuma shekara bakwai aikina ke nan. Kafin in yi tunani leɓena ya motsa. Na ce Asabar, ba sauti. Na faɗi sunan ƙungiyar. Ka maimaita, Likita ya haska idonka, ya gyaɗa kai, ka miƙe. Duk abin bai kai minti ɗaya ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani a talabijin. An tashi ashirin da bakwai da ashirin da bakwai, bayan ka kaɗe bugun mita bakwai ana saura daƙiƙa huɗu. Muka samu maki ɗaya. Kafin ka fita fili sai da ka je wurin Bahago, wanda ke ta ba ka haƙuri, ka dafa shi ka ce fuskarka ce ta tare masa hanya.

Da safe a masauki na tarar ka ja labule, kana zaune bakin gado da littafinka a buɗe, ka daɗe a shafi ɗaya. Banɗaki yana warin amai. Na ce zan kira Likita. Ka riƙe mini hannu.

"Wasa bakwai ne suka rage, Ƙane. In mun tsira, da ƙafata zan je asibiti. Kada Koci ya ji. Kada Antinka ta ji."

Zan iya cewa alkawari na riƙe, kuma mutane za su yarda. Amma rabin gaskiya ke nan. A tsakaninmu masu tsaron gida babu abin kunya kamar na biyu ya je wurin koci da labarin raunin na ɗaya, domin kowa ya san wanda zai shiga raga in an cire shi. Sau biyu ina tsayawa a ƙofar ofishin Koci. Sau biyun ina jin abin da za a faɗa a ɗakin canza kaya, cewa ya gaji da jira ya samo hanya. Sai in juya. Sunana na tsare, Yaya, kai ban tsare ka ba.

Ka yi wasa biyar bayan nan, muka ci biyu, 'yan kallo suna cewa ka koma yaro. Ni kaɗai na san zuwanka benci ya ninka. Kana tambayata abu, ka koma raga, ka dawo ka sake tambayar abin. Ka daina buɗe littafin, ni nake haddace shi in karanta maka. Hasken zaure yana sa ka runtse ido, kai da ka hana ni ƙiftawa. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne har daɗi na ji a lokacin. Na ga kamar da ni ake kaɗe ƙwallayen.

Ranar Laraba da safe muna shirin atisaye, ka sunkuya za ka ɗaure takalmi, ka daɗe ba ka ɗago ba. Ka ce, "Ƙane, a rage hasken nan." Ba a kunna fitila ba a ɗakin. Sai ka sulale ta gefena. Ba ka sake magana ba.

A asibiti likitan da ya fito ya ce jini ne ya daɗe yana taruwa a kanka a hankali, kuma da an kawo ka da wuri, da akwai abin da za a gwada. Matarka, wadda nake kira Anti, tana jingine da bango, ta juyo wurina.

"Kai ne kullum tare da shi. Bai taɓa ce maka kansa na ciwo ba?"

Na ce, "Bai ce ba, Anti."

Sai ta ce, "To ni da nake gida ɗaya da shi, ina idona yake?" Na ji ta, na bar ta da wannan nauyin, na tafi na karɓi gaisuwar mutane kamar mai gaskiya.

Ni na tsaya a raga a wasa biyun ƙarshe. Mun sha kashi a duka biyun, kuma ban yi abin a zo a gani ba. Waɗanda ke bayanmu su ma suka faɗi, sai muka tsira da maki ɗaya, makin ranar Asabar ɗin nan. Mutane suka cika fili suna kiran sunanka, an ɗaga rigarka sama. Ni ina jingine da turken raga.

Tun ranar da na shiga ragarka ban samu sukuni ba. In muka tafi hari, ƙafata da kanta take kai ni gefen fili. Mataimakin Koci ya miƙo mini gora, amma kafin in kai baki sai in ji muryarka a bayan kunnena, da tambayar nan taka. Ina jin ta a ɗakin canza kaya in kowa ya fita. Ina jin ta in na sunkuya ɗaure takalmi. Makon jiya na je zaure da hantsi, ba kowa sai Baba yana kankare danƙo, na ga tsumma na biyu a ajiye kusa da shi. Na tambaye shi na wane ne. Ya ce hannunsa ne ya saba ɗauko biyu. Na durƙusa na ɗauka, muka yi aikin tare.

An yi mini nasiha cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Ranar da aka rubuta maka ba ni na rubuta ba, ba kuma zan iya matsar da ita ba. Amma ba a kan ranarka za a tambaye ni ba, a kan abin da na yi da bakina ne. Shi ya sa na je na faɗa wa Koci da Likita komai. Ina so duk mai karanta wannan ya sani cewa ya yi tambayar da ta kamata, ni na ba da amsar. Bahago kuma, wanda ya zo jana'iza ya kasa tsayuwa don kuka, ƙwallo ya buga kamar yadda ake bugawa, babu hakkin kowa a kansa. Ku kuma 'yan'uwana da ke zaune a benci da gora a hannu a sauran ƙungiyoyi, in likita ya tambayi golanku, ku kawar da kai. In kun ga abu, ku faɗa, a kira ku duk sunan da za a kira ku.

Anti, sau uku ina zuwa ƙofar gida ina komawa. Wannan takarda da hannuna zan kawo miki kafin kowa ya karanta. Kin yi mini tambaya a asibiti na yi miki ƙarya. Ya faɗa mini. Ya ɓoye miki ne da gangan don kada hankalinki ya tashi, kuma da taimakona ya ɓoye. Idonki bai gaza ba. In kin yafe mini, alheri kika yi. In ba ki iya ba, ba zan ga laifinki ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Katanga. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya masa haske mai sanyi wanda ba ya cutar da ido. Ka saka masa da alherin da ya yi a ɓoye, wanda ya fi na fili yawa. Ka ba mahaifiyarsa haƙurin rashin ɗan da ba ya tafiya wasa sai ya durƙusa ya gaishe ta. Ka dafa wa matarsa, Ka raya 'ya'yansa, Ka sa su gaji halinsa. Ina miƙa ta'aziyyata gare su, da 'yan'uwansa, da Koci da 'yan wasa, da Baba. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Littafinka yana wurina, Yaya, zan ajiye wa babban ɗanka. Tambayarka kuma ga amsarta, ko da ta zo a makare. Na gani. Tun ranar Asabar ɗin na gani, na yi shiru. Ka yafe mini.