Neman Tattasan Tsohon Gari

Na bar gida a Bebeji ranar Talata ƙarfe biyar da rabi, ana sallame Asuba. Tattasai ne ya tashe ni. Shekara uku ke nan wanda muke shukawa a bakin Tiga yana nannaɗe ganye ya bushe da zarar zafi ya shigo. 'Yata Rabi, wadda ta karanci aikin gona, ta ce in na samo irin da iyayenmu ke nomawa kafin ruwan dam ya ci garinmu, za ta haɗa shi aure da na zamani. Tsohon irin ƙanana ne amma ba ya jin rana, ba ya jin ciwo. Na zamani kuwa manya ne, sai ragwantaka. Da fari dariya na yi mata, daga baya na ga ba ni da wata dabara.

Kiru

Mota ta sauke ni Kiru bakwai saura, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Ba'awa, inda wasu danginmu suka koma. Baba Ɗanlami, tsohon da na dogara da shi, ya ce ai na makara, kowa ya koma irin kanti. Sai da na miƙe ya tuna da Gwaggo Hansai, wata 'yar garinmu da aure ya kai Doguwa. Ya ce ita ko allura ba ta yarwa.

Doguwa

Ƙarfe goma ina Kwanar Ɗangora, na karya da ƙosai da koko. Motar ba ta cika ba sai sha ɗaya, mu huɗu a baya kamar an ɗaure itace. Muka wuce Tudun Wada, muka shiga dajin Falgore. Shinge uku muka tarar. A na biyu jami'in ya tambayi abin da zai kai ni, na ce irin tattasai. Ya dube ni, ya dubi direba, ya ce mu tafi Allah ya sauwaƙe.

La'asar na isa gidan Gwaggo. Ta tsufa ƙwarai, sai da na ambaci sunan kakana ta gane ni. Ta sa na hau turmi na kwanto wani zare daga rufin madafa, tattasai goma sha biyu a jiki, hayaƙi ya mai da su baƙi.

"Shi ke nan ya rage," in ji ta. "Bara na shuka na ƙarshe, ƙafa ta ƙi. Kada ya mutu a hannunka."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. A gidan na kwana.

Burumburum

Laraba da safe na sayi dankali na tsaraba, na ɗora ƙullin tattasan a bakin buhun don kada ya farfashe. Sha ɗaya da rabi na sauka Burumburum in gaida aminina Malam Sale. Aka shiga da buhun cikin gida, ni kuwa hira ta ɗauke ni, ko a jikina.

Bayan Azahar aka kawo tuwon masara da miyar taushe. Loma ɗaya na yi na ce wa Malam Sale rabona da ƙamshin nan tun miyar innata. Na ci, na ƙara, har na suɗe kwano. Ya ce ai ni za a gode wa, tattasan da na kawo ne. Hannuna ya tsaya a cikin ruwan wanke hannu.

Ba laifin maiɗakinsa Talatu ba ne. Baƙo ya aiko buhu ciki, duk abin da ke cikinsa tsaraba ne, kuma karamci ne a ɗanɗana masa abin da ya kawo. Ni ne sakaran. Daga bayan labule ta ce ta kakkaɓe 'ya'yan kafin ta daka, ta watsa wa kaji a gindin rumbu. Malam Sale ya nemi izini muka shiga, dattawa biyu da furfura muna korar kaji, muna rarrafe muna tsinta a cikin yashi. Ƙwaya goma sha tara muka samu. Na ƙulle su a takarda na sa a aljihun gaba, hannuna a kan aljihun har Bebeji.

Gida

Na iso ana kiran Magariba. Rabi ta saurari labarin, ta karɓi takardar da hannu biyu. Ta shuka su a kasko, ta kewaye da ƙaya saboda kajinmu. Bayan sati biyu biyar suka tsiro, sai nan gaba za a san ko za su kai fure.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa duk wanda ya ba ni ruwa a hanya, har da Talatu, don miya ta yi daɗi. Shekaranjiya Gwaggo ta aiko wani mai zuwa kasuwa ya tambaya ko iri ya isa gida. Na ce a gaya mata ya isa. Ban ce nawa ba.