Noti Huɗu a Fiffiken Hagu

Shekara talatin da ɗaya Seu Valdomiro ya yi yana huda ƙarfe da buga ƙusa a masana'antar jiragen sama ta garinmu, São José, kuma an san shi da abu guda: bai taɓa huda rami a karkace ba. Ni maƙwabciyarsa ce, na sha jin yabon nan har ya gundure ni.

Da hannunsa aka haɗa jirgin gwaji na farko, mai farfela biyu. Da aka gama da jirgin sai aka yasar da shi bayan rumfar ajiye jirage, tsuntsaye suka yi sheƙa a ciki. Valdomiro ya yi ritaya, amma duk Asabar sai ya je ya juya farfela, ya duba iskar taya. Matarsa Dona Neuza takan ce, da ita yake ba irin wannan kulawar, da tuni ta yi ƙiba.

Da gidan tarihi ya nemi jirgin, ya zama dole a cire fikafikan kafin tirela ta ɗauka. Muka je kallo da gahawarmu a filas. Injiniyar aikin, Tainara, 'yar marigayi matuƙin da ya gwada jirgin ce.

Fiffiken dama ya fita lafiya. Na hagu ya ƙi. An kwance duk notin da zanen jirgin ya nuna, an ja, ko gezau. 'Yan sandan da suka rufe hanya domin tirela ta wuce sun ce ƙarfe sha biyu za su buɗe ta. Sha ɗaya da rabi Tainara ta ce a yanke fiffiken.

Na dubi Valdomiro, gumi ya jiƙa masa riga. Raina ya ɓaci, na ce in ya san wani abu ya buɗe baki mana. Sai da zarton ya fara ƙara ya ɗaga hannu.

"Tsaya, 'yata. Zanen nan na ƙannensa ne, jiragen da aka ƙera bayansa. Akwai noti huɗu a ciki, bayan tankin mai."

"Wa ya sa su, Seu Valdomiro?"

"Ni."

A gaban kowa ya faɗa. Mako biyu kafin tashin jirgin na farko ya kuskure rami a ƙashin fiffiken. Tsoron kora ya sa ya ɗora faci ya ɗaure shi da noti huɗu, bai rubuta ba, bai gaya wa kowa ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma haka.

Tainara ta juyo ta fuskance shi.

"Sau ɗari biyu babana ya tashi a kan facin nan. Ya sani?"

"Bai sani ba. Duk tashin da ya yi ina tsaye bakin fili har ya sauka."

Ta miƙa masa sifana. Ya zura hannu ciki, ko lalube bai yi ba. Fiffiken ya fita lafiya lau, saura minti shida sha biyu ta cika.

Ranar da aka baje jirgin a gidan tarihi, Tainara ta bi tsofaffin ma'aikata tana gaisawa da su hannu da hannu. Da ta zo kansa ta tsaya, ta dube shi, ta wuce.