Kowa da Motarsa Zuwa Uhudu

Zariya zuwa Madina

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar Zariya, muka yi salla a Kwanar Dangora, bakwai da rabi muna filin jirgin Kano. Da la'asar sakaliya muka sauka Madina. Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata da ke ɗinki a can, ya kai ni gidansa a unguwar Harra ta Gabas, aka tarbe ni da shinkafa da naman rago.

Kawu ne shugaban ƙungiyar Hausawan unguwar: 'yan Najeriya, Nijar, Cadi da Sudan. Wata dokarsu ta ba ni dariya: duk abin da aka yanke, kowace ƙasa tana iya cewa "ban da mu".

"Ba don wannan ƙofar ba, da tuni wasu sun fice," in ji Kawu. "Amma ɗana, ita ce kuma take cinye mu."

Asabar, hanyar Uhudu

An tsayar da ziyara ƙarfe bakwai, a bas ɗaya. 'Yan Nijar suka ce ban da su a bas, suna da motocinsu. 'Yan Sudan suka ce ban da su a bakwai, sai sun sha shayi. 'Yan Cadi suka shigo, amma da kulolin abincinsu daban.

Direba ya waiwayo ya ga kujeru fayau. "Ya Shaihu, ina jama'ar?"

"Yalla, mu je," in ji Kawu. "Suna tafe."

Cikin minti ashirin muna gindin dutsen Uhudu. Sai tara saura muka cika, muka yi wa shahidai addu'a. Nan wata 'yar Cadi, Hajiya Falmata, ta ce, "Ina Baba Idi?"

Baba Idi tsoho ne da ba ya gani sosai, shi ya kafa ƙungiyar. Mu mun ɗauka yana motar 'yan Nijar, su sun ɗauka 'yan Sudan za su taho da shi. Wayarsa a kashe. Ba wanda ya tsaya shawara. Mutum bakwai daga ƙasa huɗu muka cusu a mota ɗaya muka koma.

Muka same shi zaune a ƙofar gidansa da farar jallabiya, sanda a hannu, awa biyu yana jira.

"Wace ƙasa ce ta tuna da ni?" ya tambaya.

Muka shiga ba shi haƙuri, shi kuwa ya ƙyalƙyale da dariya.

Da muka komo Uhudu da shi, a inuwar rumfar masu dabino aka zauna. Kawu ya so a soke dokar, 'yan Nijar suka ƙi. Baba Idi ya raba gardama: kowa ya ci abincinsa, ya hau motarsa, amma kan tsoho, mara lafiya da gawa, ba mai janye jiki. Hannu ya tashi ta ko'ina.

Gida

Kwana goma sha biyu na yi, har da umara a Makka. Na iso Zariya ranar Laraba da azahar, jakata cike da dabino. Godiya ga Allah, da Kawu, da Baba Idi, wanda ya rako ni filin jirgi yana zaune a gidan gaba na mota.