Loma ukun Gwaggo Asabe

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka rasa Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, a gidanmu na cikin birnin Daura. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma da wuya a sami wanda ya tashi a layinmu bai taɓa ɗaukar kwanonta ba.

Kullum bayan la'asar takan kwashe tuwo, ta jera kwanuka, ta kira duk yaron da ya kai shekara biyar, na gida da na maƙwabta. Wannan ya kai wa mai jego, wancan ya kai wa tsohon da ciwon ƙafa ya kwantar. Dokarta ɗaya ce: ba a dire kwano a juyo, sai ka zauna ka ga an yi loma uku. In ka dawo ka ce mata "suna lafiya lau", ka jawo wa kanka.

"Lafiya lau ɗin me?" in ji ta. "Da hannunta ta ci ko ba ta aka yi? Akwai ruwa a randarta? Koma ki gano."

Na tsani aiken nan. Sai da na girma na gane kallon fuskar mutum take koya mana.

Da ciwonta ya yi tsanani, ta ba ni amanar ƙawarta Inna Delu, tsohuwa mai daddawa da ta rage ita kaɗai a gida: kada kwanonta ya yanke. Na riƙe, amma irin riƙon zamani. Yanzu ina sabuwar unguwa, gida mai doguwar katanga. Yarana daga boko sai Islamiyya, ba na barin su taka waje saboda tsoro, kuma kowa a nan haka yake. Sai nake zuba abincin a kula, ɗan acaba ya kai, ya karɓo ta jiya.

Da daminar bana kular ta dawo da nauyinta kwana biyu a jere. Na ce ƙila miyar ce ba ta yi mata ba, na canza zuwa kuka. A rana ta uku wata maƙwabciyarta ta same ta a ƙasa, ɓarin jikinta ya shanye. Ɗan acaba bai yi laifi ba, a zaure yake direwa, ba wanda ya taɓa gaya masa zancen loma uku. Bayan mako guda ta rasu.

Na dawo daga gaisuwa ina kuka, 'yata Ummi mai shekara shida ta tsaya a kaina.

"Mama, to yanzu namanta mu za a ƙara wa?"

Ban dake ta ba. Ba ta taɓa ganin Inna Delu ba, ta ina za ta tausaya mata? Da Gwaggo na raye, ni za ta fara tuhuma.

Allah ya jiƙan Gwaggo. Kwanukanta suna nan a ɗakina, ko ɗaya bai ɓata ba, amma ina jin su kaɗai na gada. Shekaranjiya na yi ƙarfin hali na aiki Ummi da kwano guda zuwa gidan da ke jikin namu, inda na ji uwargidan ba lafiya. Ko minti biyu ba ta yi ba ta dawo, ta ce suna lafiya lau. Na buɗe baki in ce ta koma, sai na tuna ni ma ban san sunan matar ba.