Kwana Uku a Gidan Kawu

Da wurin aiki suka tura ni kwas na sati biyu a Faransa, Inna ta fi ni murna, don yayanta yana Marseille. Shekara talatin da wani abu rabonsa da Yamai. Ni ban san shi ba sai a hoto ɗaya, yana tsaye cikin gonar shinkafa a Saga, ƙafar wando a naɗe. Ana gobe zan tashi na haye gada na same ta a Harobanda, ta ƙulle kilishi da kuka da daddawa cikin leda uku, ɗaya cikin ɗaya.

"Ki sauka wurinshi," ta ce. "Ki kwana gidanshi ki gano mani yadda yake zamne. A waya kullum lahiya lau yake ce mani."

Kwana huɗu suka rage mini bayan kwas, na ware wa Kawu uku, na hau jirgin ƙasa na nufe shi.

Ya tarye ni a tasha, dogon tsoho da hular sanyi, fuskar Inna sak. Gidansa hawa na huɗu ne, kuma da ƙafa ake hawa. Ya dafa mana shinkafa da miya da hannunsa. Ya kwance ledar daddawa ya yi ta sunsunawa. Bayan mun ci ya ce, "Ɗiyata, ko ki zamna nan kwanakin da suka rage maki?"

Na ce, "A'a Kawu, kada in takura maka. Akwai otel."

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san kara ce nake yi. Baƙo ya ƙi, mai gida ya rantse, ya fizge jaka ya kai ɗaki, shi ke nan kowa ya fita kunya. Na gyara zama ina jiran rantsuwa. Kawu ya dubi ƙasa ya ce, "To."

To kawai! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata mutumin nan ya gama zama Bature. Na ɗauki jakata na kama otel kusa da inda jiragen ruwa ke tsayawa.

Sai na huce haushina a yawon buɗe ido. Na hau dutsen da ake hango gari duka daga kansa, na shiga jirgin ruwa zuwa wani tsibiri har amai ya kusa kunyata ni, na tsaya kallon masu sayar da kifi. Hoto kuwa na ɗauka har waya ta cika. Yamma kaɗai nake ba Kawu, mu bi bakin teku yana tafiya a hankali, hannuwa a baya. Yakan tambaye ni ko har yanzu gulbi na cikowa har gonakin Saga, ko wane yana da rai, ko wance ta aurar da 'ya'yanta. Yawancinsu sun rasu, ni kuma ina amsawa a gajarce don in nuna masa fushina. Wata yamma ya tsaya ya nuna tekun da haɓa ya ce, "Duk yawan ruwan ga, ko kwano guda na shinkafa ba ya ba ka." Na yi dariyar dole, na ci gaba da latsa waya.

Ranar tafiya na je sallama, azahar ta same ni a can. Na tambayi inda zan yi salla. Ya nuna mini ƙofar ciki. Ɗaki ɗaya ne tak a gidan. Katifa sabuwa, zanen gado bai ma saki ninkin kanti ba, ga buta da darduma, ga silifas na mata a bakin gado. Da na fito sai na lura da bargonsa a ninke kan doguwar kujerar falo.

"Kawu, wannan fa?"

"Tun da innarki ta ce kina tahe na gyara," ya ce. "Da kika ce otel, sai na ce ma'aikaciya ce, ta saba da wuri mai kyau. Ina ni ina tilasta maki hawa huɗu?"

Ashe shi ma kara yake yi mini. Ina da sauran dare ɗaya da na ware don sayen tsaraba a Paris, kuma da na so da na canza tikiti. Na yi tunanin haka ina tsaye a falon. Kunya ta hana ni buɗe baki, ya ɗauki jakata ya raka ni tasha. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan.

Da na dawo Yamai, ko tsarabar Inna ba ta duba ba.

"Kwana nawa kika yi wurinshi?"

"Uku," na ce.

Nan take ta sa aka kira mata shi, aka buɗe murya kowa na ji. "Yaya, an ce ɗiyarka ta kwana uku gidanka. Allah ya saka da alheri."

Ta cikin wayar har ƙarar motocin unguwarsu nake ji.

"Uku cur," in ji Kawu. "Ko kaɗan ba ta ba ni wahala ba."